Zuciyata ba ta karkata ga mata, ga shi an matsa mini in yi aure

Assalamu alaikum Anti. Don Allah ki sakaya sunana da garinmu. Shekarata 26, na gama hidimar ƙasa, ina ɗan aikina. Tun ina aji uku a sakandare na lura ba na jin abin da abokaina ke ji idan ana hirar 'yan mata. Na yi budurwa har sau biyu don kada a yi da ni, amma zuwa zance a wurina kamar zuwa biyan kuɗin wuta yake. Wanda gabana ke faɗuwa idan na gan shi namiji ne, abokina tun jami'a. Bai sani ba, kuma wallahi ban taɓa aikata komai da kowa ba. Na goge lambarsa ya fi sau goma, amma na haddace ta. Na yi azumin Litinin da Alhamis, na yi tsayuwar dare, har ruƙiyya an yi mini ba tare da na faɗi dalili ba. Yanzu Hajiyarmu ta ce bayan Babbar Sallah za a kai kuɗin aurena gidan kawuna. Wani lokaci nakan ce in yi auren ko zan warke, wani lokaci kuma nakan ji gara a ce ba a haife ni ba. Anti, ni ɗan luwaɗi ne? Ciwo ne ko aljanu? Me zan yi?

Wa alaikumus salam, ɗana.

Daga ƙarshen wasiƙarka zan fara, don nan ne ya hana ni barci. Ka ce wani lokaci kakan ji gara ba a haife ka ba. Idan wannan tunani ya tsaya a iya "na gaji", to gajiya ce ta mutumin da ya ɗauki kaya shi kaɗai shekara goma sha biyu. Amma idan ya fara komawa tunanin yadda za ka kawar da kanka, kada ka kwana da shi kai kaɗai a ɗaki. Ka tashi ka koma cikin mutane, ka kira wani na jikinka ka ce masa ba ka jin daɗin ranka, gari na wayewa ka nufi asibiti. Ba sai ka faɗi dalili ba. "Ina cikin ƙunci, har tunanin mutuwa nake yi" ya ishi likita ya fara aikinsa. Ranka ya fi duk wannan tambayar taka tsada, kuma Hajiyar da kake jin nauyinta ta fi son ɗanta gwauro a raye.

To, ka tambaye ni ko kai ɗan luwaɗi ne. Ka lura da kalmar da kanta. A Hausarmu luwaɗi sunan aiki ne, kamar yadda sata sunan aiki ce, kuma kai ka rantse ba ka aikata ba. Ɗan daudu kuma wani abu ne daban, magana ce ta yanayin tafiya da magana da sana'a, kuma mutane kan cakuɗa su saboda rashin sani. Abin da kake bayyana mini shi ne karkatar zuciya, wato inda sha'awarka da begenka suke nufa ba tare da sun nemi izininka ba. Harshenmu bai tanadi suna mai mutunci ga wannan ba, shi ya sa duk wanda ya tsinci kansa a ciki sai ya ɗauko zagin da ya ji a bakin yaran unguwa ya liƙa wa kansa. Ka ajiye wannan zagin tukuna. Abu uku ne a nan: abin da kake ji, abin da kake aikatawa, da sunan da za ka kira kanka. Na biyu ne kawai yake hannunka ɗari bisa ɗari. Na ukun kuwa babu wanda ya ɗora maka wuƙa a wuya ya ce sai ka zaɓa a bana.

Ni ba malama ba ce, ba kuma zan yi maka fatawa ba. Matsayin malamanmu a kan aikin ka san shi, haramun ne a wurinsu, ba sai na maimaita maka ba. Abin da na ga ba a cika faɗa wa irinku ba shi ne ɗaya ɓangaren. Akwai hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim da ke cewa Allah Ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka raya musu, muddin ba su aikata ba ko suka furta. Ayar ƙarshe ta Suratul Baƙara, wadda na tabbata kana karantawa kafin ka kwanta, ta ce Allah ba Ya ɗora wa rai sai abin da zai iya. Kai ka shekara goma sha biyu kana yanke wa kanka hukuncin mai laifi a kan abin da littattafan da kake tsoro ma ba su rubuta maka shi laifi ba. Kada ka bar sallarka don kana ganin ba ka cancanci tsayuwa a gaban Ubangijinka ba. Na ga samari da yawa da wannan tunanin ya fitar daga masallaci, daga nan sai ƙwaya da kodin.

Ciwo ne? Likitocin duniya sun daɗe da cewa a'a. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire shi daga jerin cututtuka a 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu a 1990. Ina faɗa maka wannan ne a matsayin maganar asibiti, domin maganar asibiti daban, hukuncin addini daban, kowanne da tambayar da yake amsawa. Me ke jawo shi? A 2019 an wallafa wani babban bincike a mujallar Science, inda aka duba ƙwayoyin halittar mutum kusan rabin miliyan, galibinsu daga Birtaniya da Amurka. Ba a samu wata ƙwaya guda da za a nuna a ce ita ce sila ba. An dai ga gado yana da ɗan hannu ta ƙananan hanyoyi masu yawa, sauran kuma abubuwa ne da suka cakuɗe. Abin da masana suka fi haɗuwa a kai shi ne mutum ba ya zama ya zaɓa. Kai ma shaida ne. Wane yaro ɗan aji uku ne zai zaɓi abin da zai hana shi barci har ya girma?

Batun aljanu kuwa, an yi maka ruƙiyya, ka ga abin da ya biyo baya. Karatun Alƙur'ani ba ya cutar da kowa, ka ci gaba da yi wa kanka. Amma duk wanda zai ce sai ya zane ka da bulala, ko ya turara ka da barkono, ko ya kulle ka a ɗaki kafin aljanin ya fita, ka guje shi, ko da rawaninsa ya kai rufin ɗaki.

Bari in ɗan ratse, don na san tambayar na zuwa daga masu karatu. Da yawa sukan ce makarantar kwana ce ke koya wa yara. Gaskiya ne ana cin zarafin ƙanana a wasu makarantun, manya kan danne na ƙasa da su, kuma wannan zalunci ne da ya kamata a hukunta. Idan an taɓa yi maka haka, ba laifinka ba ne, rauni ne mai zaman kansa da ke buƙatar magani. Amma akwai waɗanda aka yi wa haka suka girma suna son mata, akwai kuma irinka da ba wanda ya taɓa su. Don haka kada ka ɓata shekarunka kana tonon ranar da abin ya shige ka.

Yanzu ga abin da nake so ka zauna ka tambayi kanka, a natse, ba da ƙarfe biyun dare lokacin da tsoro ke mulki ba. Wannan abokin shi kaɗai ne, ko kafin shi an yi wasu? Ka taɓa jin wata mace ta motsa maka zuciya, ko sau ɗaya, ba don kana tilasta wa kanka ba? Idan ka cire tsoron mutane gefe na minti biyar, wa kake ganin kanka kana tsufa tare da shi? Ina tambaya ne saboda mutane ba kashi biyu ba ne kawai. Tun 1948 wani mai bincike Ba'amurke, Alfred Kinsey, ya jera mutane a kan ma'auni daga 0 zuwa 6, daga mai karkata ga ɗaya jinsin zalla zuwa mai karkata ga jinsinsa zalla, da jama'a a tsakani. An soki yadda ya zaɓo mutanen da ya yi hira da su, amma maganar cewa akwai na tsakiya ta tabbata. Akwai masu jin duka biyun. Akwai waɗanda ba sa jin sha'awar kowa. Akwai kuma masu ciwon waswasi, waɗanda ba su da karkatar ko kaɗan amma tunanin "ko dai ni ma haka nake" ya addabe su, suna ta gwada kansu dare da rana, kuma wannan likita na maganinsa.

Sai dai ba zan yi maka daɗin baki ba. Wasiƙarka ba ta yi mini kama da ta mai waswasi ba. Mai waswasi tsoro yake ji, kai bege kake ji, har lambar waya ka haddace. Abin da ya zauna tun kana ɗan shekara 14 har ka kai 26 ba zazzaɓin damina ba ne. Akwai mutanen da yanayinsu kan sauya da kansa a tsawon rayuwa, amma sauyawa da ƙarfin tsiya an gwada an gani. A Amurka an yi wata babbar ƙungiyar Kiristoci mai suna Exodus International da ta shafe shekara 37 tana alƙawarin sauya mutane. A 2013 ta rufe kanta, shugabanta Alan Chambers ya nemi gafarar waɗanda aka cutar, bayan ya riga ya amsa cewa kusan duk waɗanda ya sani karkatar tasu ba ta sauya ba. Likita Robert Spitzer, wanda bincikensa na 2003 aka riƙa kafa hujja da shi cewa ana sauyawa, shi ma a 2012 ya janye ya ba da haƙuri. Saboda haka azuminka da tsayuwar darenka ba su faɗi ƙasa banza ba, ladansu na nan, amma rashin gushewar abin ba alama ce ta cewa an juya maka baya ba.

Sai maganar da ta fi ci mini rai, wato auren.

Ɗana, kada ka mayar da 'yar mutane magani. Shekarun baya wata baiwar Allah ta zo wurina, aurenta shekara shida. Ta zauna a bakin kujera, ta buɗe jakarta ta zazzage mini a kan tebur: ƙullin garin magani, kwalbar tsimi, gumba a leda, humra kala uku. Ta ce, "Anti, babu wanda ban saya ba. Har sarƙar aurena na sayar." Mijinta mutumin kirki ne, bai taɓa ɗaga mata murya ba, cefane ba ya yankewa. Amma kullum sai ya kai ƙarfe ɗaya a falo, talabijin na yi shi kaɗai, har sai ya tabbatar ta yi barci. Idan ta yi kwalliya sai ya ce "kin yi kyau" yana kallon wayarsa. Shekara shida tana tsayawa gaban madubi tana neman abin da ya lalace a jikinta. Ta rage ƙiba, ta ƙara ƙiba, ta yi bilicin. Dangin miji suna ta gorin haihuwa, ita kuma kunya ta hana ta faɗin cewa rabon da ya kusance ta an fi shekara. Ranar da ta gano gaskiya ba ta yi ihu ba. Cewa ta yi, "Da ya gaya mini ba ni ce matsalar ba, da na yafe masa komai." Shi ma fa ba mugu ba ne. An ce masa ya yi aure zai warke, ya yarda.

Wannan ita ce rayuwar da kake shirin shigar da 'yar kawunka. Kuma naku ya fi muni, don auren zumunci ne. Idan na bare ya mutu, kowa ya kama gabansa. Idan wannan ya mutu, Hajiya da ɗan'uwanta ne za su daina gaisawa, a raba zumuncin da aka gada tun kakanni. Addinin da kake tsoron saɓa wa bai ɗauki haƙƙin mace a shimfiɗa da wasa ba. Aya ta 226 a Baƙara wata huɗu kacal ta ba wanda ya rantse zai ƙaurace wa matarsa, ko ya dawo ko a rabu. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi, mace na da damar neman rabuwa saboda cutarwa. Ka ga ke nan wanda ya gudu daga zunubin da bai aikata ba, ya je ya ɗauki haƙƙin baiwar Allah na shekara da shekaru, bai yi dabara ba.

Ban ce har abada ba za ka yi aure ba. Idan ka bincika zuciyarka ka samu kana cikin masu jin duka biyun, kuma wata mace ta shiga ranka da gaske, kana marmarinta, kana iya sauke haƙƙinta da daɗin rai, wannan wata magana ce. Abin da na hana ka shi ne aure a matsayin gwaji. Mace ba awon jini ba ce da za a yi a ga sakamako.

To yaya za ka yi da Hajiya? Ba dole ne ka buɗe mata cikinka ba. Magana zarar bunu ce, kuma uwa, duk son da take maka, tana iya ruɗewa ta kai maganar wurin kawu ko malam da niyyar taimako, daga nan ta fi ƙarfinku ku biyun. Amma kada ka yi mata ƙarya, kada kuma ka ɗora wa yarinyar wani aibi don ka kuɓuta. Ka same ta ita kaɗai, bayan sallar isha, ka durƙusa ka ce: "Hajiya, ki gafarce ni. Yarinyar nan ba ta da laifin komai, ƙanwata ce, kuma kallon ƙanwa nake yi mata. Idan aka ɗaura auren nan zan cuce ta, ni kuma ba na son abin da zai shiga tsakaninki da Kawu. Ban shirya aure yanzu ba, ki taya ni da addu'a." Duk kalmar da ke ciki gaskiya ce. Za ta yi fushi, wataƙila ta yi kuka, wataƙila ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwarka da sakin fuska ba. Ka jure, ka ci gaba da zuwa gaisuwa da ɗan abin hannunka. Idan akwai wata gwaggo ko babban yaya da take jin maganarsa, ka roƙe shi ya sa baki a kan cewa ba a yi wa namiji auren dole. Fushin wata biyu ya fi sakin da za a yi da 'ya'ya biyu a tsakani.

Abokin naka kuma, kada ka gaya masa, aƙalla ba yanzu ba. Ba ka san yadda zai ɗauka ba, kuma ko mutumin kirki ne, bakinsa na iya suɓucewa. Goge lamba ba ya aiki, ka gani da idonka. Abin da ke ɗan aiki shi ne rage keɓewa da shi, da cika ranakunka da wasu mutane da wasu hidimomi, don zuciyar da ba ta da kowa sai mutum ɗaya dole ta maƙale masa. Bege yana da zafi ko a kan wa ya sauka, kuma yakan lafa idan aka daina hura shi.

Dole in yi maka maganar tsaro ƙarara, domin a ƙasar nan kake zaune. A watan Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar haramta auren jinsi: ɗaurin shekara 14 ga masu auren, shekara 10 ga masu shiga ƙungiyoyinsu ko nuna irin wannan soyayya a bainar jama'a. Jihohi 12 na Arewa masu aiki da shari'ar Musulunci suna da nasu hukuncin a kan aikin, wanda ya kai har kisa. Babu dokar da ta hukunta abin da ke cikin zuciya, amma mutanen gari ba sa jiran kotu, zargi kawai ya isa a tara wa mutum jama'a. Ga kuma 'yan damfara da suka mayar da wannan sana'a. Za su zo maka a Facebook ko WhatsApp da fuskar masu fahimta, su ja ka da hira har ka saki jiki, su nemi hoto ko su gayyace ka wani gida. Daga nan sai duka, a ƙwace waya, a ɗauki bidiyo, a riƙa tatsar ka da barazanar tura wa danginka. A kudu har suna suka ba abin, kito. Wanda aka yi wa ba ya iya kai ƙara, su ma sun san haka. Don haka kaɗaici kada ya kai ka ga baƙon intanet. Kada ka tura hoto, kada ka rubuta sirrinka a waya, wannan wasiƙar ma ka goge ta daga akwatin saƙonka.

Amma fa ba na so ka koma ɗaki ka rufe ƙofa da kayanka kamar da. Kana buƙatar mutum ɗaya mai rai da za ka yi magana da shi, kuma mafi aminci shi ne ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, akwai kuma sashen a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano. Zuwa can ba hauka ba ne, da yawa daga cikin masu bin layin damuwa da rashin barci ne suka kai su. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya riƙe sirrin majiyyaci. Duk da haka likitoci ma mutane ne, akwai mai faɗin ƙirji akwai mai ƙunci. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ni na ce ka fara taɓa ruwan da yatsa. Zaman farko ka tsaya a kan ƙunci da rashin barci da matsin aure. Ka ga yadda yake sauraro. Ka tambaye shi kai tsaye me yake rubutawa a fayil, wa kuma ke iya gani. Idan ka ga mai saurin wa'azi ne ko mai alƙawarin zai juya ka cikin wata uku, ka yi godiya ka nemi wani. Idan garinku ƙarami ne, kowa ya san kowa, ka je wani gari.

Ka tambaye ni me za ka zama nan gaba, ko da ba da waɗannan kalmomin ba. Na san waɗanda suka zaɓi zama ba aure saboda imaninsu, suka riƙe marayun danginsu, suka yi sana'a, suka tsufa da mutuncinsu, ko da yake ba su ɓoye mini cewa akwai dararen kaɗaici ba. Na san waɗanda suka gano suna jin duka biyun, suka yi aure da zuciya ɗaya. Akwai kuma waɗanda suka bar ƙasar suka yi wata irin rayuwa, da nata riba da nata asara. Wannan hisabi ne tsakaninka da Ubangijinka da lamirinka, kuma ba a yin sa cikin firgici, ba a kuma yin sa don an sa ranar kai kuɗi.

Abin da ke gabanka a wannan makon guda ɗaya ne: ka je wurin Hajiya tun kafin a fara sayen akwatunan lefe, tun kafin yarinyar ta fara gaya wa ƙawayenta. Idan ka yi, ka sake rubuto mini ka gaya mini yadda kuka yi, da kuma ko kana samun barci.

Antinka.